Tashar gas ba ta da rumbu: fashin baƙi kan wutar da yankuna da yawa ke jingine da ita

Akwai abu ɗaya game da wutar lantarki wanda in mutum bai riƙe shi ba to ba zai kama zaren sauran bayanin ba, shi ne wutar da ka kunna yanzu, yanzun nan aka samar da ita. Ba jiya ba, ba ɗazu da safe ba. Babban layin wuta ba tanki bane da ake zuba wuta a ajiye a riƙa ɗiba, abinda tashoshi ke turowa dole ya yi daidai da abinda mutane ke ja a kowane sakan, in aka samu saɓani ko na ɗan lokaci ne sai komai ya fara tangal-tangal.

Yadda abin yake shi ne, duk manyan janaretocin da ke kan layi ɗaya suna juyawa ne tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. A Turai da Afirka da yawancin Asiya wutar na bugawa sau 50 a sakan, a Amurka sau 60, shiyasa zaka ga manyan injina na juyi 3,000 ko 3,600 a minti. In jama'a suka ja wuta fiye da wadda ake samarwa sai injinan su ji nauyi su rage gudu, kamar dai babbar mota ta ɗauko kaya ta fara hawan tudu, bugun nan ya sauko ƙasa da 50, in ya sauko da yawa kuma na'urorin kariya su fara cire injinan ɗaya bayan ɗaya don kar su lalace, kowane ya fita nauyin ya ƙaru a kan saura, cikin 'yan sakanni yanki guda ya afka duhu. Wannan shi ne abinda ake nufi in an ce babban layi ya durƙushe.

Toh ita kuma buƙatar mutane ba ta zama wuri ɗaya. Da tsakar dare ta faɗi, da safe ta tashi, da yamma in kowa ya dawo gida an kunna fitilu da na'urar sanyaya ɗaki da talabijin ta kai ƙololuwa. Kenan duk hukumar da ke kula da layin wani yanki, ko PJM ce da ke riƙe da jihohi 13 na Amurka da birnin Washington, ko ERCOT ta Texas, ko haɗakar layukan ƙasashen Turai, tambayar da take kwana da ita take tashi da ita guda ce: wa zan kira ya ƙara min wuta cikin minti goma in na buƙata, ya kuma rage in na ce ya rage?

Tashar nukiliya ba ta son a riƙa wasa da ita, kuɗin gina ta ne mai yawa don haka an fi so ta yi ta aiki ba tsayawa. Ta kwal in ta huce sai ta ɗau awanni da dama kafin tukunyarta ta yi zafi. Sola da farfelar iska suna bayarwa ne lokacin da rana da iska suka ga dama, ba lokacin da kai ka ga dama ba. Madatsar ruwa ita kam gwana ce wajen saurin amsa kira, amma ba ko'ina ake da kogi da tudu ba, kuma in damina ta yi gardama ita ma sai ta kwanta. A nan ne tashar gas ta samu gurbinta.

Bari mu leƙa cikin injin kaɗan don a nan sirrin yake. Injin gas kusan injin jirgin sama ne aka ɗaure shi a ƙasa, wasu ma kai tsaye daga injin jirgi aka kwaikwayo su. Daga gaba akwai jerin farfeloli da ke zuƙo iska suna matse ta, sai a fesa gas a cikin matsattsiyar iskar a cinna wuta, zafin ya kan haura digiri 1,500 na ma'aunin Celsius a manyan injinan zamani, zafin da ya isa ya narkar da ƙarfen farfelar kanta ba don an yi mata wasu ƙananan ramuka da iska mai ɗan sanyi ke bi ta ciki ba. Wannan hucin ne ke fitowa da ƙarfi ya bugi farfelolin baya ya juya sandar da ke haɗe da janareta. Abin mamaki kusan rabin ƙarfin da injin ke samu yana ƙarewa ne wajen juya farfelolin gaban nan masu matsa iska, ragowar ne ke zama wuta.

In aka tsaya a nan, wato aka bar hucin ya fice ta bututun hayaƙi, to kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfin gas ɗin kawai aka mora. Irin waɗannan su ne 'yan ko-ta-kwana, ba su da tsadar ginawa, suna tashi cikin 'yan mintoci, amma suna shan gas kamar me, don haka ba a kunna su sai lokacin da buƙata ta kai maƙura, wata a shekara ma aikin da za ta yi bai wuce na 'yan makonni ba in an tara. Sai kuma ɗaya nau'in mai zagaye biyu. Shi hucin da ke fita har yanzu yana da zafin wajen digiri 600, maimakon a yi asararsa sai a bi da shi ta cikin wata ƙatuwar tukunya ya tafasa ruwa, tururin ya juya wani injin na biyu. Gas ɗaya, wuta sau biyu. Da haka ake kaiwa kashi 60 ko sama da haka, akwai wata tasha a Bouchain ta Faransa da ta kafa tarihi a 2016 da kashi 62 da ɗoriya. Tsofaffin tashoshin kwal da yawa ba sa wuce kashi ɗaya bisa uku da kaɗan.

Wani ɗan abu da ba a cika faɗa ba, ƙarfin da ake rubutawa a jikin injin an auna shi ne a yanayin digiri 15. In gari ya yi zafi iska ta kan yi sakayau, injin ba ya samun abinda zai zuƙa kamar yadda ya saba, sai ƙarfinsa ya ragu, kuma kaga lokacin ne daidai kowa ya kunna na'urar sanyi. Don haka megawat (ma'aunin ƙarfin wuta) ɗin takarda daban na ranar zafi daban.

Duk da haka ƙasashe sun ruga wa gas, yanzu sama da kashi ɗaya bisa biyar na wutar duniya daga gare shi take fitowa. Birtaniya ta fara nata rububin a shekarun 1990 da gas ɗin Tekun Arewa, a hankali kwal ya yi ta ja da baya har aka rufe tasharta ta kwal ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, a ƙarshen Satumban 2024. Amurka kuma dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ce ta sa gas ya yi arha, a 2016 ya sha gaban kwal, yanzu wajen kashi 40 na wutarta gas ne. Japan bayan hatsarin Fukushima na 2011 ta kashe tashoshin nukiliyarta, gas ɗin da ake kawowa ta jirgin ruwa ne ya ɗauki kaso mai tsoka na nauyin. Masar ce ma ta fi ba da mamaki wajen sauri, kamfanin Siemens ya gina mata manyan tashoshi uku, Beni Suef da Burullus da ta sabon babban birni, kowace megawat 4,800, aka kammala a 2018 cikin shekara biyu da 'yan watanni, ƙasar da ke fama da ɗauke wuta ta wayi gari da rara. Ku riƙe sunan Masar, za mu dawo kanta.

Kafin nan akwai maganar farashi, wadda ita ce ta fi rikita mutane. A yankunan da ake cinikin wuta a kasuwa, kamar Turai da sassan Amurka, kowace tasha tana faɗin kuɗin da za ta karɓa ta yi aiki a wannan awa. Sai a jera su daga mai arha zuwa mai tsada, sola da iska a gaba tunda ba sa sayen mai, sai nukiliya da sauransu, a yi ta ɗauka har a cike buƙata. Toh tashar ƙarshe da aka ɗauka, farashinta shi ne za a biya kowa da kowa. Wacece kuma ta ƙarshen a mafi yawan lokuta? Ta gas. Kenan ko da gas kashi 20 kawai ya bayar a wannan awa, shi ne ya yanke wa sauran kashi 80 ɗin farashi. Mutanen Turai sun ɗanɗana wannan a 2022, kafin yaƙin Ukraine wajen kashi 40 na gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake zuwa, da aka fara tsuke bututu farashin gas a kasuwar Holan ya haura yuro 300 kan megawat na awa ɗaya a watan Agusta, kuɗin wuta ya bi shi a guje har a ƙasashen da ba su dogara da gas sosai ba saboda layukansu a haɗe suke. Sifaniya da Fotugal sai da suka nemi izini na musamman suka ƙayyade farashin gas ɗin da ake ƙonawa a tashoshi don su raba wutarsu da wannan hauka.

Yanzu ga inda nake ganin gizo ke saƙa. Ana yawan cewa tashar gas abin dogaro ce, in ka kira ta za ta amsa, kuma gaskiya ne, amma da sharaɗi. Ka je tashar kwal zaka ga tsibin kwal a filinta wanda zai kai ta makonni. Madatsa ruwanta na bayanta. Nukiliya in an ɗura mata sai ta yi shekara ɗaya da rabi ba a sake ba. Ita kuwa tashar gas hannu baka hannu ƙwarya take yi, abinda bututu ya kawo yanzu shi take ƙonawa yanzu, ɗan abinda ke matse a cikin bututun ne kawai ajiyarta kuma ba ya wuce na awanni, gas ɗin ma ba gudu yake a bututu ba, tafiyarsa ba ta fi ta mota a cikin gari ba. Don haka in ka ce tasha abin dogaro ce to kana nufin rijiyar da ake haƙo gas ɗin, da masana'antar da ke tace shi, da injinan da ke tura shi a hanya, da bututun mai ɗaruruwan kilomita, da wanda zai biya kuɗin, duk abin dogaro ne. Ɗaya ya sulluɓe shikenan, ga inji lafiya lau amma yana zaune.

Texas ta nuna wa duniya wannan a Fabrairun 2021. Wani matsanancin sanyi ya sauko, mutane suka kunna na'urorin ɗumama gida, buƙatar wuta da ta gas suka tashi lokaci guda, a daidai lokacin kuma bakin rijiyoyi da ƙananan bututai suka daskare saboda gas ɗin da ke fitowa daga ƙasa yana tafe da ruwa, na'urorin tashoshi da ba a yi musu rigar sanyi ba su ma suka ƙame. Da asubahin 15 ga wata bugun layin ya faɗo daga 60 zuwa ƙasa da 59.4, ƙa'ida kuma in ya yi minti tara a haka tashoshi za su fara cire kansu, shugabannin ERCOT daga baya suka ce saura minti 4 da sakan 37 layin ya durƙushe gaba ɗaya, abinda da zai iya ɗaukar makonni kafin a tayar. Don su ceci layin sai suka yi ta yanke wa unguwanni wuta har megawat 20,000, gidaje sama da miliyan huɗu suka zauna a duhu cikin ƙanƙara. Ga kuma wani abin takaici, cikin waɗanda aka yanke wa wutar har da wuraren haƙowa da tura gas da ke aiki da lantarki, waɗanda ba su yi rajista a matsayin wuraren da bai kamata a taɓa ba. Ba wuta ba gas, ba gas ba wuta, maciji ya haɗiyi wutsiyarsa. Hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka rasu. Wasu 'yan siyasa sun yi saurin ɗora laifin a kan farfelolin iska, eh wasu sun daskare, amma binciken hukumomin tarayya ya nuna kaso mafi girma na wutar da aka rasa daga ɓangaren gas ne. Kuma da yake Texas ta ware layinta daga na sauran ƙasar, ba ta da hanyar jawo wuta mai yawa daga maƙwabta, birnin El Paso da ke kan wani layin daban bai sha irin wannan wahalar ba.

Ba sai da ƙanƙara ba ma. Bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678 da ke ɗaukar gas daga Najeriya zuwa Benin da Togo da Ghana, a Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa shi a gaɓar Lome, kusan shekara guda ba gas, Ghana ta shiga ɗauke wuta ta koma ƙona mai mai tsada a tashoshinta. Ƙarfe ɗaya a ƙasan teku, ƙasashe uku suka ji a jikinsu. Ita kuma Masar da muka ce a riƙe, tashoshin nan na nan garau, amma da gas ɗin da take haƙowa ya ragu musamman daga filin Zohr, a 2023 da 2024 sai ga ta ta koma raba wuta awa-awa, ƙasar da ke sayar da gas waje ta koma saye.

Sai gas na jirgin ruwa. Ana sanyaya gas har digiri 162 ƙasa da sifili ya zama ruwa, girmansa ya ragu sau 600, a loda a jirgi a kai duk inda ake so. Wannan ya 'yantar da ƙasashe daga bututu ɗaya, Jamus da ba ta da tashar sauke shi ko ɗaya ta buɗe ta farko a Wilhelmshaven a Disamban 2022 cikin 'yan watanni. Amma fa jirgi yana bin mai kuɗi ne. A wannan shekarar da Turai ke saye ko nawa ne, Pakistan da Bangladesh da suka jingina wani ɓangare na wutarsu a kan wannan gas suka rasa mai sayar musu a farashin da za su iya, suka yi ta zama a duhu. Iska na wahalar da mai kayan kara kenan, rikicin wani yanki ya kashe fitilar wani yankin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai kuma toshewar da ba ta ƙarfe ba ce, ta bashi ce. Mai haƙo gas ba zai zuba biliyoyi ba sai an sa hannu cewa za a biya shi ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba, tasha kuma ba ta da kuɗin biya sai kamfanin raba wuta ya biya ta, shi kuma sai ya karɓo daga masu amfani. In wuta na zurarewa a hanya ko ba a biya ko gwamnati ta ƙayyade farashi ƙasa da kuɗin samarwa ba ta cike giɓin ba, bashin sai ya yi ta hawa sama har ya isa ga mai gas, shi kuma ya murɗe famfo. A ƙasashe masu tasowa da yawa wannan ya fi kowace ƙanƙara kashe tashoshi.

Maganar gurɓata yanayi ba zan ja ta da nisa ba. Tashar gas ta zamani tana fitar da kusan rabin hayaƙin kabon da ta kwal ke fitarwa ko ma ƙasa da haka, ba toka, ba baƙin hayaƙin da ke shaƙe birane, kuma sauya kwal da gas na cikin manyan dalilan da hayaƙin ɓangaren wuta ya ragu a Amurka da Birtaniya. Amma shi gas ɗin kansa, wato metan, in ya tsiyaye daga rijiya ko bututu ba tare da an ƙona shi ba, ɗumamar da yake jawowa ta ninka ta kabon sau 80 da wani abu a cikin shekara 20. Tsiyaya kaɗan ta isa ta cinye ribar. Masu cewa gas gada ce zuwa tsaftatacciyar wuta suna da hujja, masu cewa tashar da aka gina yau za ta yi shekara 30 ko 40 tana neman a mayar mata da kuɗinta su ma suna da hujja, ni dai a ganina ya danganta da me ta maye gurbinsa, in kwal ko dizal ta kora an ci riba, in kuma sola mai arha ta hana shigowa to an yi baya.

Abinda ke canzawa yanzu shi ne aikin nata. A California rana na yi sola ta cika layi har tashoshin gas su koma gefe, rana na faɗuwa kuma cikin awa uku a nemi dubban megawat, shekara da shekaru gas ne ke wannan tsalle. Yanzu jihar ta girka batura da suka haura megawat 10,000, suna sha da rana su juye da magariba, sun fara ƙwace wannan aikin a hannun 'yan ko-ta-kwana. Sai dai yawancin baturan nan na awa huɗu ne. Jamus kan samu kwanaki a jere da hunturu ba rana ba iska, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2024, a irin wannan mako batirin awa huɗu ba inda zai kai ka, sai an koma wa gas da kwal da wutar maƙwabta.

Hakan ya haifar da wata matsala ta lissafi: tashar da ake so ta rage aiki amma kar ta rufe, wa zai ciyar da ita? Shiyasa Birtaniya tun 2014, da PJM tun kafin nan, suke biyan tashoshi kuɗin zama cikin shiri, wato ba kuɗin wutar da ka bayar ba, kuɗin alƙawarin cewa in an kira ka kana nan. A gwanjon PJM na 2024 wannan kuɗi ya yi tsalle daga wajen dala 29 zuwa kusan dala 270 kan kowane megawat a rana, saboda tsofaffin tashoshi na rufewa ga kuma manyan cibiyoyin ajiye bayanan kwamfuta na ta tsirowa suna jan wuta dare da rana. Kamfanonin da ke ƙera manyan injinan kuma ba su da yawa, GE Vernova da Siemens Energy da Mitsubishi su ne kan gaba, odar da ke hannunsu ta yi musu yawa, wanda ya je neman babban inji yau sai ya bi layi na shekaru kafin a miƙo masa, bayan nan kuma ya fara neman bututun da zai ciyar da shi.